Kwanukan Hajiya

Autar Hajiya:
Salamu alaikum 'yan'uwa, jiya aka yi arba'in ɗin Hajiyarmu muka buɗe ɗakinta don rabon gado, wlh tun hantsi muke fito da kaya har la'asar ba mu gama ba, abin ya tsaya min a rai shi ne na ce bari na sa shi a waƙa. Mai amsa ya amsa, amsa-amonmu "wa" ne.

Mun buɗe ɗakin Hajiya da hantsi,
Ƙura na tashi, hawaye na zubowa.
Langa bisa langa, samira bisa kumbo,
Fanteka goma da tambarinsu, ba mai buɗewa.
Atamfa a akwati asu ya riga mu,
Turmi ashirin, rabi ba sa ɗinkuwa.
Ta tafi da farin ƙyalle kaɗai,
To me muke tarawa ne ba ma dainawa?
Ni kam katifa da darduma sun ishe ni,
Ɗaki fayau, iska na shiga tana fitowa.

Inna ta Gwammaja:
Allah ya jiƙan Hajiya ya sa ta huta. Amma 'yata tsaya ki ji, ku yaran yanzu kwano kawai kuke gani, mu lokacinmu mace ba ta da asusu ko hanyar banki ba ta sani ba, jeren nan shi ne bankinta fa.

Ke 'yata kar ki raina jeren uwarki,
Da suyar ƙosai da adashi aka yi tarawa.
Sule bisa sule, sisi bisa taro,
Daga Kurmi a ka ake ɗauko shi ana tahowa.
Ran da ciwo ya kada mai gida,
Dillaliya ake kira ta zo tana tayawa.
Langa biyu sun zama kuɗin magani,
Ba zuwa gidan dangi ana durƙusawa.
Ran suna maƙwabta su aiko aron tukunya,
Wa zai ba su in kowa ya ce yana ragewa?

Kuma ai kin ga farkon 2023 da aka canja takardun naira, masu kuɗi a banki suna kwana a layi, ni kuwa tasa ɗaya na ba mai hatsi ya auna min gero.

Malam na Tudun Wada:
Allah ya gafarta mata. Inna a yi min izini in sa baki.

Inna gaskiyarki, ajiya ba laifi,
Shari'a ba ta hana mace mallakawa.
Sai dai a tuna 'yar Manzo Nana Faɗima,
Ran da aka kai ta gidan Sayyadi Ali tarewa.
Bargo guda ne da salkar ruwa,
Da matashin ciyawa, nan aka gama jerawa.
Manzo ya dafa kafaɗar Ibnu Umar ya ce,
Zama kamar baƙo, ko mai hanya yana wucewa.
Abin da kika ci ko kika sa ko kika bayar,
Shi ne naki, saura magada ke rabawa.

Amaryar Bana:
Anti Auta ya ƙarin haƙuri. Inna ni dai ki yafe min amma jerenku daban namu daban wlh, naku in an matsu ana sayarwa ya riƙe kuɗinsa, namu kuwa katako ne da gilashi wata shida ya fara ɓarewa in kin kai kasuwa ko rabin kuɗin ba a tayawa, kuma duk don 'yan ganin ɗaki ake yi.

Baba ya sai da filinsa don kujeruna,
Ga mai ya yi tsada tun da tallafi aka cirewa.
Ɗaki ɗaya da falo muke haya,
Sif da kabet da shoglas sun hana ni juyawa.
Firji a kwana, wuta sai an ga dama,
Faranti saiti uku, biyu muke wankewa.
Masu ganin ɗaki sun zo sun yi guɗa,
Sun tafi gidajensu, bashi na nan ana biyowa.
Da na san haka gado da tukunya zan ce,
A bar wa tsohona gonar da yake nomawa.

Kun ga auren gatan da gwamnatin Kano ta yi a 2023, ma'aurata 1,800, gado da katifa da ɗan abin da ba a rasa ba, ai aure ya ɗauru ba wanda ya ce bai ɗauru ba.

'Yar Gwange:
Ni daga Maiduguri nake, na karanta duka sai da na yi kuka.

Satumbar 2024 cikin dare,
Madatsar Alau ta ɓalle, ruwa na shigowa.
Shekara sha biyu ina jera ɗaki,
Kafin asuba komai na nutsewa.
Zani ɗaya na fita da goyo a baya,
Ban waiwayi kabet ba, rai ake cetowa.
Amma Inna kar ki ji na bar ki,
Goggona ce ta buɗe ɗakinta tana rabawa.
Tabarma, tukunya, kwanon da ta ɓoye,
Da su muka ci tuwo har muka samu miƙewa.

Autar Hajiya:
Ayya 'yar'uwa Allah ya mayar da alheri. Inna na karanta wa yayyena baitinki sai babbar yayarmu ta ce ai da langa huɗu aka biya min kuɗin jarrabawa, ni ban taɓa sani ba wlh. Mun zauna kowa ya yarda.

Manyan tukwane za su zauna a zaure,
Mai biki a unguwa ya zo ya yi arowa.
Atamfar da ta tsira ta marayun layinmu ce,
Ladan ya kai ga Hajiya inda take kwantawa.
Ni langa ɗaya na ɗauka mai tabo a baki,
Wadda tuwon Babanmu a ciki take zubawa.