Ta yaya za mu ja mutanen unguwa su fito taron muhalli kafin damina ta faɗi?

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema. Mu samari ne kamar goma a unguwarmu nan Kano, bara muka shirya taro kan sauyin yanayi a ajin wata firamare, muka yi hayar kujeru da lasifika, har wani malamin jami'a muka roƙa ya zo da majigi, wallahi mutum sha huɗu ne suka zo kuma rabinsu 'yan gidanmu ne. Bayan sati uku aka kwana ana ruwa, kwatar layinmu ta toshe da leda da ledar fiya wata, ruwa ya shiga gidaje har katangar maƙwabcinmu ta zube. Abin ya tsaya min a rai sosai. Bana muna so mu sake gwadawa kuma muna so kansila da ciyaman su san da zamanmu, amma ba na so mu ƙara yin wa'azi ga kujeru. Wanda ya taɓa yin irin wannan ya taimaka mana.

Bamaradi:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ni daga Maradi nake, kuma abin da zan ce maka shi ne ku daina kiran abin "taron sauyin yanayi", dattijo ba zai bar rumfarsa don wannan sunan ba. Mu nan abin da ya gyara gonakinmu shi ne sassaben zamani, tun wajen 1983 aka fara shi a yankin Maradi, ba dashe ba ne ma, kututturen da ke tohowa a gona ne manomi zai bar masa reshe biyu ko uku masu ƙarfi ya sassabe sauran. Ba wanda ya ce wa kakana "yanayi", cewa aka yi bar gawo a gonarka ka ga yadda hatsi zai yi a ƙarƙashinsa, don gawo da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma 'ya'yansa abincin awaki ne. Da ya gani a gonar maƙwabci shi kenan. Yau miliyoyin itatuwa ne tsakanin Maradi da Damagaram. Ku ma ku fara da kwatar da ta rushe katangar nan, kowa ya gan ta da idonsa. Kuma mu a Nijar 3 ga Agusta ranar dasa itace ce, ku ma ku jira irin wannan lokacin da ƙasa ta sha ruwa, kar ku dasa a Afrilu.

Maman Islamiyya:
Ƙanena sannu da ƙoƙari, Allah ya yi albarka. Amma tambaya ɗaya, mata nawa kuka gayyata bara? Mu ne ke share gida, mu ne ke aiken yara da shara, mu ne ke hura gawayi, kuma mu ne ke kwana kwarfar ruwa da bokiti idan ya shigo ɗaki. Ku je wajen shugabar islamiyyar matan aure ku roƙi minti ashirin bayan karatu, sai ku samu mace ta yi maganar ba ku ba. Sannan dan Allah kar ku zo mana da "ku daina girki da gawayi" haka kawai, da kuɗin gas ɗin nan wa zai saurare ku, in da hali ku nemo murhun nan mai tsimin itace a dafa wake a kai a gaban kowa a ga bambanci. Ku kuma sami liman tun da wuri, akwai hadisin da ke cewa duk musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi to sadaka ce gare shi, in ya faɗe shi a huɗubar Juma'a ya fi majiginku isa kunne.

Ɗan Yerwa:
Ni ɓangaren siyasar zan taɓa. Ina Maiduguri ranar 10 ga Satumba 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye kasuwar Monday da gidan zu da unguwanni da yawa, mun bar gida da kayan jikinmu kawai, don haka ba na ɗaukar maganar nan da wasa. Shawarata kar ku gayyaci kansila ya zo ya zauna a babbar kujera ya yi jawabi ya tafi. Ku fara aikin gayya ranar tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata, mai unguwa a gaba, ku yashe kwatar, ku ɗauki hoto kafin da bayan, sannan ku rubuta takarda da buƙata ɗaya tak, misali motar da za ta kwashe abin da kuka yaso, don in ya kwana a bakin kwata ruwan farko zai mayar da shi ciki. Magidanta su sa hannu, ku kai sakatariya a buga muku hatimin karɓa ku riƙe kwafi. NiMet, wato hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, NIHSA ma, hukumar da ke sa ido kan koguna da albarkatun ruwa ta Najeriya, na fitar da na ambaliya da sunayen ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari, ku duba ko taku na ciki ku liƙa a takardar. Lokacin kamfen duk ɗan takarar da ya shigo layinku ku nuna masa kwafin nan ku tambaye shi ranar da zai yi.

Ɗan Kurna:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Anti gaskiyarki, ko mace ɗaya ba mu gayyata ba, na ji kunya da na karanta. Ɗan uwa na Yerwa Allah ya mayar muku da alheri. Gobe bayan la'asar za mu je wajen mai unguwa. Malam Bamaradi saura tambaya ɗaya, darbejiya ashirin muka dasa bara awaki suka cinye sha bakwai, da me kuke kewaye naku, ƙaya ko tsohon buhu?