Minti takwas kacal ta ɗauki Oscar: yaya Judi Dench ta yi?

Tauraruwa:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya ɗaure min kai game da Judi Dench, dattijuwar nan da ta riƙa fitowa a matsayin M, shugabar James Bond. An ce ta ci kyautar fim ta Oscar da fitowar da ba ta wuce minti takwas ba, kuma wai sai da ta kai shekara sittin duniya ta san ta a fim. To ina ta shige duk tsawon shekarun nan? Sannan wasan daɓe yana gyara ɗan fim ne ko ɓata shi yake yi?

Mai_Labule:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ba ɓuya ta yi ba, tana kan dandamali. An haife ta a birnin York ranar 9 ga Disamba 1934, ta yi karatun wasan kwaikwayo a Central School da ke Landan, a 1957 kuma kamfanin Old Vic ya ɗauke ta ya ba ta Ophelia a wasan Hamlet na Shakespeare. Masu sharhi a jaridu suka yi mata ca, suka ce an ɗora wa yarinya kayan da ya fi ƙarfinta, har aka karɓe matsayin aka ba wata da za a tafi Amurka. Ba ta yi zuciya ba, ta zauna tana karɓar ƙananan matsayi, zuwa 1960 ta fito a Juliet a wasan Romeo and Juliet, a 1961 ta koma kamfanin wasan daɓe na Royal Shakespeare Company.

Fim kuwa, tun tana budurwa ta je gwaji aka ce mata fuskarta ba ta kyamara ba ce. Sai ta riƙe daɓe da talabijin. An ba ta sarautar Dame a 1988, shekara bakwai kafin GoldenEye na 1995, fim ɗin James Bond da ta fara fitowa a matsayin M, kin ga ke nan a Ingila ta daɗe da zama giwa. Abin da ya buɗe mata ƙofar Amurka shi ne fim ɗin Mrs Brown na 1997, inda ta fito a Sarauniya Victoria. Don talabijin na BBC aka shirya shi, kamfanin Miramax ya saya ya kai sinima. Daraktansa, John Madden, shi ne ya sake kiran ta ta fito a Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya a Shakespeare in Love na 1998. Minti takwas ɗin nan a ciki yake, a 1999 aka miƙa mata kyautar.

Malam_Darakta:
Bari in ɗauki tambaya ta biyu, don nan aikin yake. Daɓe yana gyarawa, yana kuma ɓatawa, ya danganta da abin da mutum ya ɗauko daga can.

A zaure irin Old Vic mai kujeru wajen dubu, dole wanda ke layin ƙarshe can sama ya ji kowane harafi, kuma a zamaninta babu makirufo a jikin ɗan wasa. Ba ihu ake yi ba. Daga ciki ake turo numfashi, a buɗe haƙarƙari, a fito da baƙaƙen ƙarshen kalma sarai. Wanda ya matso muryar daga maƙogwaro, kafin mako ya ƙare ta dishe, don a manyan gidajen wasa na Landan sau takwas ake wasa a mako: dare shida, rana biyu. Ga kuma waƙen Shakespeare, kowane ɗango gaɓa goma, biyar daga ciki masu nauyi. Darakta Peter Hall, wanda ya shirya ta a matsayin Cleopatra tare da Anthony Hopkins a 1987, ya nace a riƙa shaƙar numfashi a ƙarshen ɗango. Ka shaƙa a tsakiya, ma'ana ta tsinke, mai sauraro ya ɓata.

To kawo wannan mutumin gaban kyamara. Kuskure na farko, girman motsi. Ɗaga girar da ake yi don na layin ƙarshe ya gani, idan kyamara ta matso fuska ta cika allo, sai ya zama abin dariya. Na biyu murya: makirufo na rataye ƙasa da mita ɗaya saman kanka, in ka turo muryar daɓe sauti ya fashe. Na uku, ba a bin labari a jere. Yau a ɗauki mutuwarka, gobe a ɗauki haɗuwarku ta farko, saboda wurin da aka kama haya. Fitowa ɗaya kuma ana maimaita ta daga nesa, daga tsakiya, sannan kusa, a juya a yi wa abokin wasanka haka. In kofi yana hannun dama a ɗauka ta farko, ya koma hagu a ta uku, mai tace hoto ba zai iya haɗa su ba. Haka in ka hau kan maganar abokinka. Akwai kuma ɗan salatif da ake mannawa a ƙasa, dole ka tsaya a kansa ba tare da ka duba ba, taku ɗaya ka wuce hoton ya dushe.

Abin da ya cece ta, a ganina, wasan Macbeth na Shakespeare ne da Trevor Nunn ya shirya a 1976 a wani ƙaramin zaure a Stratford, Ian McKellen a Macbeth, ita kuma a matarsa. Da'ira aka zana a ƙasa, 'yan wasa na zaune kan akwatunan katako a gefenta, 'yan kallo ba su kai ɗari biyu ba, suna jin numfashin juna. A irin wannan wuri raɗa ma tana isa. Ki sake kallon minti takwas ɗin: da ƙyar take motsa kai, ga kayan sarauta masu nauyi sun ɗaure ta, ido da inda take ajiye kalma su ke yin aikin.

Gwaggon_Yara:
Malam ya gama magana. Ƙari biyu kawai. Ba a 1976 ta fara fitowa a matar Macbeth ba. A 1963 ta zo da wasan Afirka ta Yamma tare da 'yan Nottingham Playhouse, suka zaga Najeriya da Ghana da Saliyo. Ita da kanta ta sha ba da labarin yadda 'yan kallo ke fashewa da dariya duk inda amsa-amo ya faɗo, har a fitowar da take tafiya cikin barci tana wanke jinin da babu shi a hannunta, wurin da a Ingila ake yin tsit.

Sai maganar ido. A 2012, shekarar da fim ɗin James Bond na Skyfall ya fito, ta bayyana cewa tana da ciwon da ke cin tsakiyar gani ya bar gefe-gefe, mai shi ba ya iya karatu ko gane fuskar da ke gabansa. Tun daga nan wasu ke karanta mata rubutun, suna maimaitawa har ya zauna mata a ka. Da wannan hanya ta yi fim ɗin Belfast na 2021, aka sa sunanta a takarar Oscar karo na takwas, tana da shekara 87.

Tauraruwa:
Allah ya saka da alheri. Malam, wancan Macbeth na ƙaramin zaure, an ɗauke shi a hoto kuwa?

Malam_Darakta:
An ɗauka, gidan talabijin na Thames ya nuna shi a 1979. Ki sa kunne a doguwar ƙarar da take yi a fitowar barcin.