Gayyatar sabuwar shekara a Amurka: ibada ce ko al'ada?

Maman Ɗalibi, Jidda

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ɗana na fari yana karatu a Atlanta, jihar Jojiya, kuma wannan ne hunturunsa na farko a Amurka. Jiya ya kira ni ya ce wata dattijuwa baƙar fata da ke maƙwabtaka da su, wadda ta riƙe shi tamkar jikanta, ta gayyace shi cin abincin rana a gidanta ranar 1 ga Janairu, ta kuma yi masa tayin raka ta coci a daren jajiberi. Su kuwa abokan karatunsa so suke ya bi su Niyok kallon bikin tsakar dare. Mu da muka tashi a nan, da Muharram muke ƙirga shekara, kuma ba mu saba ganin an yi mata taro ba, saboda haka ban san wanne zan amince masa ba. Ina roƙon waɗanda suka zauna a can su fahimtar da ni.

Tsohon Direba, Makka

Wa alaikumus salam, Hajiya. Na yi shekaru ina tuƙin tasi a Niyok kafin Allah ya dawo da ni nan, don haka bari in ɗauki ɓangaren da na sani. Bikin da abokansa ke nufi a dandalin Times Square ake yin sa, kuma babu ibada a cikinsa ko kaɗan. Jaridar New York Times ce ta fara shi a 1904 da wasan tartsatsin wuta, don murnar tarewa a sabon gininta. Da hukumar birnin ta hana wasan wutar, sai a 1907 aka ƙera wata ƙatuwar ƙwallo ta ƙarfe da katako, aka jera mata ƙwan lantarki 100, ana sauko da ita daga kan sanda a saman ginin. Har yau haka ake yi: ƙarfe 11:59 take fara saukowa, jama'a suna ƙirga daƙiƙoƙi goma na ƙarshe da ƙarfi, tana isa ƙasa shekara ta shiga. A 1942 da 1943 ne kawai aka dakatar da ita, lokacin da aka rage hasken birnin saboda yaƙin duniya na biyu.

Abin da talabijin ba ya nunawa shi ne wahalar da ke bayan wannan minti ɗaya. Sau ɗaya na taɓa zuwa, ban kuma sake ba. Tun da azahar 'yan sanda suka shigar da mu cikin shingen ƙarfe kamar tumakin layya, babu banɗaki, babu wurin zama, kuma wanda ya fita ya rasa gurbinsa ke nan. Kafin ƙarfe tara na daina jin yatsun ƙafata saboda sanyi, la'asar da magariba da isha'i kuwa sai da na koma gida na rama su. A cikin dandalin an hana shan giya, amma a sauran gari daren shaye-shaye ne, kuma mu direbobi mu ne shaida, domin sau da yawa da wankin kujerar baya nake fara sabuwar shekara. Shawarata, ya bar musu Niyok.

Ma'aikaciyar Jinya, Riyad

Yaya, ni gayyatar dattijuwar ce ta ja hankalina, saboda na yi karatu a Karolina ta Kudu, na kuma ci irin wannan abinci. Za ki yi mamaki idan na gaya miki cewa abin da za ta ajiye wa ɗanki shinkafa da wake ne. Waken kuma namu ne, farin nan mai baƙin ido, wanda asalinsa daga Afirka ta Yamma ne, ya tsallaka teku a jiragen da suka kwashi bayi. A kudancin Amurka suna kiran wannan girki Hoppin' John, ana haɗa shi da dafaffen ganye da burodin masara. Suna da camfin cewa waken sulalla ne, ganyen takardun kuɗi, burodin kuwa zinariya, wai wanda ya ci zai ga buɗi a shekarar. Yawancinsu da raha suke faɗin haka. Ranar da aka fara miƙo mini farantin, sai da na tsaya ina kallonsa, don mai da yaji kawai ya rasa ya zama garau-garau.

Inda ake taka-tsantsan shi ne tukunya. A al'adance da kyafaffen naman alade ake dafa waken da ganyen, kuma ko an tsame naman, romon ya riga ya shiga. Ya gaya mata tun yanzu cikin ladabi, kada ya bari sai an zuba masa. Da yawa daga cikinsu suna musanya shi da kyafaffen talo-talo, ko su dafa wa baƙo nasa dabam ba tare da nama ba.

Zaman cocin kuwa yana da tarihi mai nauyi a wurinsu. A daren 31 ga Disamba, 1862, baƙaƙen fata suka taru a majami'u da gidaje suna jiran wayewar gari, domin a ranar 1 ga Janairu, 1863 ne sanarwar Shugaba Abraham Lincoln ta 'yanta bayi a jihohin da suka yi tawaye za ta fara aiki. Shi ya sa har yanzu suke raya daren da addu'o'i da waƙe-waƙe.

Malamin Makaranta, Madina

Hajiya, bayanin ƙanwarmu ya raba miki zare da abawa. Zaman cocin ibadarsu ce, saboda haka ya ba ta uzuri cikin girmamawa, cin abinci da rana kuwa haƙƙin maƙwabtaka ne, ban ga dalilin hana shi ba. Sai dai ina ganin Alhaji Direba ya ɗan tsananta, domin Amurkawa da yawa a gida suke kallon ƙwallon ta talabijin tare da iyalansu, washegari kuma su kalli faretin furanni na birnin Pasadena a Kalifoniya, wanda ake yi tun 1890. Ki kuma lura da agogo: idan sha biyun dare ta buga a Atlanta, ƙarfe 8 na safe ne a Jidda.

Maman Ɗalibi, Jidda

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na kira shi, mun tsaya a kan cewa Niyok babu shi, coci babu shi, amma zai je cin wake. Ya riga ya yi wa dattijuwar maganar naman, ta ce masa kada ya damu. Na ce ya tafi mata da dabinon ajwa da na sa masa a jaka, ya kuma ɗibi yajin da ya rage a kwalbar, ko za ta so ta ɗanɗana.