Awon taurin jijiya: in tahi Yamai ko eko ta isa?

Ɗan Adar: Salamu alaikum ƴan uwa. Babanmu ya rasu hwarat ɗaya, babbar jijiyar da ke hitowa daga zuciya ce ta tsage. Ni ma likita ya dubi tsawona da yatsuna ya ce ciwon Marfan ne, na gado, eko, wato hoton zuciya na na'ura, ta nuna hwaɗin tushen jijiyar milimita 42. Yanzu shina so in tahi Yamai a auna taurinta, wai a aza na'ura ɗaya ga wuya ɗaya ga matsematsi a ga saurin bugun jini tsakaninsu. Daga Tawa ya hi kilomita 500. Wanda ya taɓa yi, ya cancanci kuɗin mota?

Maman Biba: Ɗana ka rage gishiri ka sha zoɓo ba sukari, tansiyo ce.

Ɗan Adar: Inna tansiyota lahiya lau take.

Ilo Mai Albasa: Ka tahi ko da rance ne. Ƙanena dogo ne kamar kai, ido bai gani sai da madubi, shina loda buhunan albasa a Galmi ya ce ƙirjinai da bayanai suna yagewa, muka kai shi wani kilinik suka ce gyambon ciki ne suka rubuta muna ordonas muka komo gida, kahin asuba ya cika. Ba wanda ya tambaye mu ko wani ya taɓa mutuwa haka a gidanmu, alhali kawunmu ma haka ya tahi. Ɗiyanai ukku suna hannuna.

Hadiza Inhirmiya: Allah shi jiƙan shi. Ilo ka kai yaran eko, in uba na da Marfan kowane ɗa rabi da rabi ne, ko ya gada ko bai gada ba. Ɗan Adar, in jijiya ta yi tauri bugun na gudu da sauri, ya wuce mita 10 a sakan ana cewa ta taurara. Amma wajen yin tiyata hwaɗin jijiyar ake dubawa, wajen milimita 50, ko 45 in akwai irin tarihin gidanku. Awon tauri ƙari ne, bai maye eko ta kowace shekara.

Sani Taksi: Ni jika 15 na biya.

Ilo Mai Albasa: Jika 40 aka ce min.

Sani Taksi: To kai sun ga albasa.

Hadiza Inhirmiya: Sani eko ka yi, ba abu guda ba ne.

Maman Biba: Inhirmiya dai ba likitan zuciya ba ce.

Hadiza Inhirmiya: Haka ne inna, zoɓo ma ba shi ba ne. Ɗan Adar in an ba ka maganin atenolol ko losartan kar ka yanke, ka bar kaya masu nauyi da kokowa.

Sani Taksi: Shi ke nan takobin bana ya kuɓuce ma Tawa 😂

Ilo Mai Albasa: Ku yi ta dariya. Ni abin da ke ci min rai randebu, ka kwana bisa hanya ka iso a ce likita ya yi tahiya, ka komo wata mai zuwa, wa zai biya ka kuɗin mota da masauki?

Sani Taksi: Wannan kam an yi ma matata, ko waya ba su bugo ba.