Faifan Faris ko na Lima: wanne ne waƙar mutanen Andis?

Malam Sabo: Ni dai maganata guda ce. Mai tara faifan garmaho na waƙoƙin tsaunukan Andis na Kudancin Amurka, in na Faris kaɗai ya mallaka, to bai tara komai ba. Ƙungiyar Los Incas a Faris aka kafa ta a 1956, Turawa take yi wa busa. Abin da talakan Peru yake cire kuɗinsa ya saya shi ne huayno, salon waƙar mutanen tsaunukan, a ƙananan faifai masu juyi 45 a minti da kamfanonin Lima, babban birnin ƙasar, irin su IEMPSA da Virrey da Sono Radio suka buga.

Ladidi: Haba Malam, "bai tara komai ba" ai ya yi tsauri. Kiɗan Los Incas ɗin ne mawaƙan Amurka Simon da Garfunkel suka ɗora murya a kai a 1970, waƙar El Cóndor Pasa ta zaga duniya. Ba don haka ba, wa ya san sarewar quena a cikinmu?

Malam Sabo: Yauwa, kin kawo ni inda nake so. Ita ma ba ta gargajiya ba ce. Daniel Alomía Robles ne ya tsara ta a 1913 don wani wasan kwaikwayo a Lima. Aka riƙa buga ta kamar ba ta da mai ita, sai da ɗansa ya kai ƙara kotu aka sa sunan uban.

Baba Garba: Sabo, kai ma ka bi a hankali. Huaynon da kake kurantawa, waɗanda suka gangaro Lima neman abinci ne suka rera ta a situdiyo. Ɗora faifan mawaƙin huayno Picaflor de los Andes ka kasa kunne: saksafon ne a bayansa da kilarinet da gogen Turawa, salon kwarin Mantaro na Peru. Garayar tasu ma Sifaniyawa suka kawo. To ina tsantsar gargajiyar?

Malam Sabo: Baba, ban ce tsantsa ba. Tambayata ita ce, don wa aka yi? Da Picaflor ya rasu a 1975, dubban talakawa ne suka raka gawarsa. Je ka nemi faifansa yanzu, da wuya ka samu wanda allura ba ta cinye ba, bangon duk ya yage, mai shi ya rubuta sunansa da biro a tsakiya don kada a ɗauke masa a wurin biki. Na Faris kuwa fes za ka same su, kamar ba a taɓa ji ba.

Ladidi: Fes ɗin ai shi ake nema, Malam. Sauti nake saye, ba ƙarar soya gyaɗa ba.

Baba Garba: To ke 'yar nan, ki nemi tarin huayno da kamfanin Arhoolie na Amurka ya sake fitarwa. Mawaƙan da Sabo yake nufi ne, kuma babu ƙarar.

Malam Sabo: Wannan kam na yarda, Baba. Amma shi ma baƙo ne ya zaɓa mana.