Lin-12 da glp-1: in zauna kan kwamfuta ko in shiga kiwon tsutsa?

Ɗalibar Tsutsa: Assalamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Wata takwas suka rage in miƙa aikin digirina na biyu. Batun shi ne lin-12 da glp-1 na tsutsar C. elegans, ƙwayoyin gado biyu da asalinsu ƙwaya ɗaya ce kafin ta ninku. Dukansu makarɓan saƙo ne tsakanin sel da sel, na dangin furotin da ake kira Notch. Malamina ya ce in zaɓa: ko in kwatanta jerinsu a kwamfuta tsakanin elegans da 'yan uwanta tsutsotsi briggsae da remanei, ko in yi RNAi (dabarar dakatar da aikin ƙwayar gado da RNA) a briggsae in ga ko aikinsu ya sauya. Ba mu da na'urar yi wa tsutsa allura, ni ma ban taɓa yi ba. Wanda ya bi ɗaya daga cikin hanyoyin nan ya taimaka mini.

Abu Hafsa: Wa alaikumus salam. Ki yi CRISPR, dabarar gyara ƙwayar gado, kawai, yanzu kowa shi yake yi.

Ɗalibar Tsutsa: Malam, shi ma ai sai da allurar. Ita ce na ce ba mu da ita.

Mai Faranti: Ƙanwata, ki saurare ni da kyau, don ni na sha wannan wahalar. Wata huɗu cur ina ciyar da briggsae bakteriyar HT115 mai ɗauke da RNA, kamar yadda ake yi wa elegans. Kullum in leƙa madubin ƙara girma in tarar da su lafiya lau, suna ta zuba ƙwai. Ashe briggsae ba ta ɗaukar RNAi ta hanyar abinci, sai ta allura, ko kuma irin da aka saka wa sid-2 na elegans, ƙwayar gadon da ke sa ta ɗauki RNA daga abinci. Babu wanda ya gaya mini. Da na koma kan elegans sai na samo irin glp-1 da zafi ke lalata wa aiki, wanda ake kiwo a digiri 15. Wata Juma'a na'urar sanyaya farantan ta tsaya, zafi ya haura 25. Bayan kwanaki na ɗora faranti a madubi: ga tsutsotsi sun girma, suna yawo a kan bakteriyar OP50 da ake ciyar da su, amma cikinsu fayau kamar gilashi, babu ƙwai ko ɗaya. Na duba faranti goma sha biyu, duk haka. Kuma ban daskarar da ko kwalba ɗaya a firiza ba. A gaban madubin nan na yi kuka.

Ummu Sadiq: Subhanallahi. Allah ya mayar da alheri, Yaya. Amma sake odar irin daga CGC, ma'ajiyar irin tsutsar ta Jami'ar Minnesota, ai ba tsada, mu mun yi.

Mai Faranti: Irin ne ba tsada. Kuɗin aikowa da takardun shigowa su suka cinye abin da ya rage mini.

Ummu Sadiq: Mu kam abin da muka biya bai taka kara ya karya ba.

Na Baya Aji: Wato lin-12 da glp-1 Hassan da Usaini ne, gida ɗaya amma kowa da sana'arsa 😂

Abu Hafsa: Ni a ganina ɗaya taya ce ta safiya kawai. Ƙudan Drosophila Notch ɗaya gare shi, yana rayuwarsa.

Dakta Z: A'a, ba safiya ba ce. Idan glp-1 ta lalace, ƙwayoyin haihuwa sukan daina ninkuwa, tsutsa ta zama juya. Idan lin-12 ce, sel biyun da ya kamata ɗaya ya zama sel ɗin anka (mai jagorar samar da mafitar ƙwai) ɗaya ya shiga ginin mahaifa, duka sai su zama anka. Idan aka rasa biyun, tsutsar tana mutuwa tun tana matakin farko na girma, abin da Lambie da Kimble suka nuna a 1991 ke nan. Sannan a 1993 ɗakin binciken Iva Greenwald ya nuna glp-1 na iya riƙe aikin lin-12 in an kunna ta a inda lin-12 ke kunnuwa. Don haka ɗalibata, in kin zaɓi kwamfuta, kada ki tsaya kan jerin furotin kaɗai. Babban bambancin yana wajen ina da yaushe kowacce ke kunnuwa.

Mai Faranti: Dakta, da girmanka, yaushe rabonka da ɗaukar tsutsa da tsinken waya? Nasiha daga ofis daban, aikin tebur daban.

Dakta Z: Ai abin da na faɗa bai saɓa wa naki ba. Rudel da Kimble sun yi RNAi a briggsae da remanei tun farkon shekarun 2000. Ta fara karanta su kafin ta maimaita abin da aka gama.

Ɗalibar Tsutsa: Na gode Dakta. To in na ɗauki kwamfuta, wata takwas za su isa?

Mai Faranti: Ko sun isa, ki sa a rubuta miki matsayin sunanki a takardar binciken da za a buga tun yau. Ni bayan duk wahalar nan, da aka buga sakamakon, sunana a sashen godiya ya ƙare. Wanda bai taɓa zuba faranti ɗaya ba shi ne na biyu.

Ummu Sadiq: Wallahi ni ma haka aka yi mini. Hotunan da na kwana uku ina ɗauka na gani a takardar wani, ko sanar da ni ba a yi ba.

Abu Hafsa: Kun kai ƙara kuwa?

Ummu Sadiq: Wajen wa? Mai takardar shi ne zai sa hannu a takardar kammalawata.