Shin ya dace a haɗa ma'aikatan jiragen ruwan kasuwanci da sojoji wajen karramawa?

Ɗalibin Tarihi

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Akwai wata tambaya da ta tsaya mini a rai, ina kuma roƙon waɗanda suka fi ni sani su warware mini ita. Na karanta cewa a ƙasar Birtaniya, duk ranar 3 ga Satumba ana ɗaga jar tutar jiragen ruwan kasuwanci a kan gine-ginen hukuma domin tunawa da ma'aikatan waɗannan jirage, kuma Kanada da Ostareliya su ma sun keɓe wannan rana. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, soja ya yi rantsuwa zai kare ƙasarsa ko da zai rasa ransa, saboda haka idan ƙasa ta yi alfahari da shi kowa ya san dalili. Shi kuwa ma'aikacin jirgin dakon kaya farar hula ne, kamfani ya ɗauke shi aiki, kamfanin kuma riba yake nema. Ba raina sana'ar nake yi ba, amma ina jin kamar idan aka jera su a sahu ɗaya an rage wa soja wani abu daga cikin martabarsa. Ina kuskurena yake?

Malami Mai Ritaya

Wa alaikumus salam ɗana. Tambayarka tana kan hanya, kuma gwamnatoci da yawa sun daɗe suna tunani irin naka kafin su gane sun yi wa mutanen nan rashin adalci.

Ka fara da ranar ita kanta. A ranar 3 ga Satumba, 1939 Birtaniya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, kuma kafin gari ya waye wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya harbi jirgin fasinja mai suna Athenia a Tekun Atlantika, mutum fiye da 100 suka mutu. Ke nan jinin farko da aka zubar wa Birtaniya a teku a wannan yaƙi na farar hula ne. Ƙasar tsibiri ce, ba ta iya ciyar da kanta da abin da take nomawa, man fetur ɗinta kuwa kusan duka daga waje yake zuwa. Jamus ta san haka sarai, sai ta ɗaura niyyar datse hanyar teku har yunwa ta durƙusar da ita. To wa za a harba idan ana son datse hanyar abinci? Jirgin dakon kaya za a harba, shi ne abin farauta, jirgin yaƙi kuwa mai rakiya ne. Ma'aikatan jiragen kasuwancin Birtaniya sama da 30,000 suka mutu kafin yaƙin ya ƙare. A Tower Hill da ke Landan akwai wurin tunawa da aka rubuta sunayen kusan mutum 36,000 na yaƙe-yaƙen duniya biyu, waɗanda ba su da kabari sai teku.

Tafiyar ayari ake yi, jirage masu yawa su jeru, jiragen yaƙi su kewaye su. Akwai wani ayari da ake kira PQ17, wanda ya tashi daga Iceland a tsakiyar 1942 ɗauke da tankoki da jiragen sama da sauran kayan yaƙi zuwa arewacin Tarayyar Sobiyet. A ranar 4 ga Yuli hukumar sojan ruwa a Landan ta ji tsoron cewa babban jirgin yaƙin Jamus mai suna Tirpitz yana tafe, sai ta janye masu rakiya, ta umarci ayarin ya watse, kowa ya yi ta kansa. Cikin jirage 35, guda 11 kaɗai suka isa. Ruwan wannan yanki yana da sanyin da mutum ba ya daɗewa da rai a cikinsa. A watan Agusta na wannan shekarar kuma aka tura jirage 14 su kai agaji tsibirin Malta a Bahar Rum, biyar suka tsira, ciki har da tankar mai da ake kira Ohio, wadda ta shiga tasha a ragargaje, jiragen yaƙi biyu suna tallafe da ita ta dama da hagu. Ina ganin duk wanda ya zauna a ɗakin inji can ƙasan tankar mai, ya san harbi ɗaya ya isa ya mai da jirgin wuta, kuma ya ci gaba da aikinsa, ba za a ce neman kuɗi kaɗai ya zaunar da shi ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sakayyar da aka yi musu. Har zuwa watan Mayu na 1941, a jiragen Birtaniya albashin ma'aikaci yana tsayawa ne daga ranar da jirginsa ya nutse, kwanakin da ya yi a ƙaramin kwalekwalen ceto yana fama da ƙishirwa ba a lissafa su cikin kwanakin aiki. A Amurka dokar da ta bai wa sojojin da suka dawo damar karatu da rancen gida ba ta haɗa da su ba, sai a 1988 aka amince su ma 'yan mazan jiya ne. Kanada sai 1992, kuma sai da wasu tsofaffi daga cikinsu suka yi yajin cin abinci a gaban majalisa a 1998 kafin a biya su diyya. Norway, wadda jiragenta kusan 1,000 suka yi wa Birtaniya da ƙawayenta aiki a lokacin da Jamus ta mamaye ƙasar, sai a 2013 gwamnatinta ta nemi gafararsu a bainar jama'a, lokacin da mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya.

Tsohon Sojan Ruwa

Malam, Allah ya ƙara girma. Ban musa ko ɗaya daga abin da ka faɗa ba, kuma mu da muka yi aikin rakiya mun fi kowa sanin darajar mutanen nan. Amma ƙanena mai tambaya yana da gaskiya a wani ɓangare, ba na so ta ɓace a cikin tausayi.

Soja ba ya zaɓen inda za a tura shi, ba ya ajiye aiki don ya ga haɗari, idan ya ƙi bin umarni kotun soja ce za ta hukunta shi. Kuma aikinsa shi ne ya nufi wurin da ake harbi, alhali kyaftin na jirgin kasuwanci aikinsa ya kauce ya tsira da jirgi da kaya da mutane. Akwai labarin da ake ba mu tun muna ƙananan ma'aikata. A watan Nuwamba na 1940 jirgin yaƙin Jamus mai suna Admiral Scheer ya ci karo da wani ayari a Atlantika, mai rakiya kuwa guda ɗaya ne tak, Jervis Bay, tsohon jirgin fasinja da aka ɗora wa tsofaffin bindigogi. Kyaftin Fegen na Jervis Bay ya san ba shi da ƙarfin karawa da shi, amma ya umarci ayarin ya watse, shi kuma ya juya kan jirginsa ya nufi maƙiyi domin ya ɓata masa lokaci. Ya mutu tare da mafi yawan mutanensa, mafi yawan ayarin kuma ya tsira. Wannan ita ce rantsuwar da ake magana, kuma ba a ɗora wa farar hula ita ba.

Duk da haka dole in faɗi abin da ya rage mini ƙarfin hujja: da yawa daga cikin waɗanda suka mutu a Jervis Bay asalinsu ma'aikatan jiragen kasuwanci ne da aka shigar aikin soja saboda yaƙi. Haka kuma jiragen dakon kaya da yawa an ɗora musu bindigogin kare kai, ma'aikatansu suna taya sojoji harbi. A teku iyakar ba ta fita sarai kamar yadda take a takarda. Ra'ayina shi ne a karrama kowa da sunan aikinsa: soja da ranarsa da lambar yabonsa, ma'aikacin jirgin kasuwanci da ranarsa da tutarsa. Amma duk wanda ya yi tafiya a ruwan da ake yaƙi da umarnin ƙasarsa, to fansho da kula da lafiya da haƙƙin iyalinsa su zama daidai da na soja, domin nakiyar da ta nutsar da su ba ta tambayi wane ne ya yi rantsuwa ba.

Matar Injiniyan Jirgi

Iyayena, ku ba ni dama in sa baki, domin maganar ta yi nisa cikin tarihi, mu kuwa a cikinta muke zaune yau. Maigidana injiniya ne a jirgin dakon kaya. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na kayan cinikin duniya ta teku suke bi, amma idan na ce wa mutane mijina ma'aikacin jirgin ruwa ne, sai su ɗauka yawon buɗe ido yake yi.

A 2020, lokacin annobar korona, ƙasashe suka rufe iyakokinsu, aka hana ma'aikatan jirage sauka. An kai lokacin da kimanin mutum 400,000 suka maƙale a teku bayan wa'adin aikinsu ya ƙare. Ƙa'idar aikin teku ta duniya ta ce kada mutum ya wuce wata 11 a jirgi ba tare da hutu ba, amma maigidana ya haura shekara, kamfanin kullum yana cewa a tasha ta gaba za a sauke su. Jirginsu yana sauke kayan da ƙasashe suke buƙata, shi kuma ba a yarda ya taka ƙasar ba ko da zai ga likita. Sai a watan Disamba na wannan shekarar Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi kira ga ƙasashe su ɗauke su a matsayin ma'aikatan da ba a iya yi sai da su. Haɗarin yaƙi ma bai wuce ba. A Bahar Maliya an kama jirgin Galaxy Leader a watan Nuwamba na 2023, ma'aikatansa 25 ba su samu 'yanci ba sai Janairu na 2025, kuma a Maris na 2024 makami mai linzami ya kashe mutum uku a jirgin True Confidence.

Ga abin da nake so Malam ya duba mini. Kuna maganar alfaharin ƙasa, amma yau jirgi yana iya zama mallakar mutumin wata ƙasa, an yi masa rajista a Panama ko Laberiya ko Tsibiran Marshall, ma'aikatansa kuma 'yan Filifin da Indiya da Ukraine da wasu wurare. Idan irin wannan jirgi ya faɗa haɗari, wace ƙasa ce za ta ce ɗanta ne? Ana bikin ranar ma'aikatan teku ta duniya duk 25 ga Yuni, ina kuma jin daɗin hakan, amma abin da na fi buƙata shi ne idan kamfani ya yasar da jirgi a wata tasha ba albashi ba tikitin komawa gida, a samu ofishin jakadancin da zai ɗaga waya.

Malami Mai Ritaya

'Yata, Allah ya dawo miki da shi lafiya a kowace tafiya. Abin da kika taɓo ba sabo ba ne, ko a lokacin yaƙin ma haka yake. Jiragen da ke ɗaga tutar Birtaniya cike suke da 'yan Indiya da Sin da Yaman da Somaliya da Afirka ta Yamma, da yawansu a ɗakin inji suna zuba gawayi, albashinsu kuma ƙasa da na Turawan da suke aiki tare. Freetown da ke Saliyo tana cikin manyan tashoshin da ayari yake taruwa kafin ya nufi Ingila. Da yaƙi ya ƙare, a 1945 da 1946, aka kwashe ɗaruruwan ma'aikatan jirgi 'yan Sin daga Liverpool aka mayar da su gabas da ƙarfi, wasunsu suka bar mata da 'ya'ya da suka girma suna zaton uba ya gudu ya bar su. A ganina nauyi biyu ne. Ƙasar da ta ci moriyar tafiyar, tilas ta rubuta sunan baƙon da ya mutu a jirginta tare da na 'ya'yanta. Ƙasar da ta haifi ma'aikacin kuma, ita ce ya kamata ta san inda yake, ta tsaya masa idan an cuce shi, ko da tutar wata ƙasa ce a bayan jirginsa.

Ɗalibin Tarihi

Na gode iyayena, Allah ya saka da alheri. Maganar tsayar da albashi daga ranar da jirgi ya nutse ban taɓa jin ta ba, kuma ita ce ta fi girgiza ni. Na karɓi rabon da Baba tsohon soja ya yi, wato kowa da ranarsa da tutarsa amma haƙƙi ɗaya ga wanda ya shiga ruwan yaƙi. Yaya, ina da wata tambaya gare ki idan ba za ki damu ba: idan jirgi zai bi ta wuri mai haɗari irin Bahar Maliya, shin ana sanar da ma'aikata tun kafin a tashi, kuma ma'aikaci yana da damar ya ce a sauke shi ba tare da ya rasa aikinsa ba?